Rage Kaya a Kwamfutar Malam Sa'idu

Cikin shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta a makarantun Gaya da Ajingi, akwai wata Talata da har gobe ban manta da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji ta daga bakina kafin wani ya ba ku ita da ƙarin gishiri.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata ƙungiya mai kula da kwamfutocin da aka raba wa sakandaren karkara. Shugaban sashenmu shi ne Oga Kabiru, yana zaune a ofis a Gaya, ni kuwa ni ne na yawo a kan babur. Kwamfutocin nan tsofaffin laftof ne da suka gama wahala a wani wuri kafin su zo hannunmu. Sai ka kunna ɗaya, ka je ka yi alwala ka dawo, ba ta gama tashi ba.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in yi bayani. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da komai. Tamu irin mara nauyin nan ce da ake samu kyauta, amma duk da haka tana zuwa da tarkace: wasanni, manhajar zane, ta kiɗa, ƙamus na harsunan da ba wanda ya taɓa jin su a Ajingi. Kowanne yana zuwa a ƙunshinsa, kowane ƙunshi yana cin wuri, wasu ma da kansu suke tashi su zauna suna zuƙe ƙarfin injin. Aikin da aka ba mu a zangon nan shi ne rage kaya. Ni da Oga muka zauna muka bi ƙunshin nan ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idarsa guda ce: "In ba ka san mai amfani da shi ba, cire." Ba da ka muka yi ba, sai da muka tambayi malamai abin da suke yi da injinan, suka ce rubutu, lissafi, shiga intanet da buga takarda. Muka haɗa umarnin cirewar a filashi. In na je makaranta sai in soka shi, ya kwashe tarkacen, ba ya taɓa fayil ɗin kowa. Na yi makarantu da dama a haka, injina suka koma tashi fit, har kaina ya fara girma.

Ranar da nake faɗa muku, damina ce, zango na uku, na je wata makaranta bayan Ajingi a kan hanyar Gafasa. Na gama da ɗakin ɗalibai kafin hantsi ya yi nisa, sai na koma kan na malamai. Ta ƙarshe ita ce ta Malam Sa'idu, malamin Hausa, wani dattijon Bafulatani mutumin Balan, siriri, mai magana a hankali. Wata ɗaya ya rage masa ya yi ritaya, kuma ƙa'ida ita ce ranar da zai tafi ya mayar da injin, a goge shi tas a ba wanda ya gaje shi.

Da zai miƙo mini ya ce, "Ɗana, a yi a hankali, akwai amanar mutane a ciki."

Na ce, "Baba Malam, kwantar da hankalinka, kayanka ba abin da zai same su."

Na soka filashi, na yi aikina, na sake kunnawa. Ta tashi kamar sabuwa. Fayilolinsa duk suna nan. Har na fara naɗe wayoyina sai na ji ya ce, "Ba ta buɗe ba."

Ashe yana da wata ma'ajiya mai kulle a cikin injin, wadda wani ɗan bautar ƙasa ya yi masa shekarun baya. Irin wannan kullen ba wasa ba ne. Abin da ke ciki a hargitse yake, kalmar sirri ce kaɗai ke warware shi. In ta ɓace, ko ka kwafe ma'ajiyar ka kai ta Kano, ko wajen wanda ya ƙera manhajar, shara ce kawai za a gani. Na tambaye shi me ke ciki. Ya ce muryoyi ne. Shekaru ya yi yana bin tsofaffi a Balan da Kademi da rugagen da ke kewaye, yana naɗar abin da suka sani na burtaloli da tsofaffin rijiyoyi da yadda ƙauyuka suka kafu, wa ya sauki wa, wa ya ba wa gona. Ya kulle ne don a ciki akwai maganganun iyakar gonaki da masu su suka ce kada kowa ya ji sai bayan ransu. Yawancinsu kuma sun riga sun rasu.

Na ce, "Akwai kwafi a wani wuri?"

Ya ce, "Wayar da na naɗa da ita ta daɗe da mutuwa. Nan ne kawai."

Na yi ta maza, na ce ya sake bugawa. Ya buga da yatsa ɗaya, ɗigo-ɗigo suka jeru a akwatin, inji ya ce ba daidai ba. Na duba ko maɓallin manyan baƙaƙe ne a kunne, ba shi ba ne. Ya sake, ya sake. Na duba manhajar kullen ko mun cire ta, tana nan daram. Na gwada maɓallan kibod ɗin daga A zuwa Z, duk suna aiki.

Na ce, "Baba Malam, faɗa mini kalmar in buga da kaina."

Ya girgiza kai.

"To rubuta mini a takarda, in na gama mu yaga."

Ya ce, "A'a, ɗana."

Kun san ni da gajen haƙuri, a lokacin ma ya fi haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, mutum kayansa na shirin salwanta, amma ni yake ɗauka ɓarawo. Me zan yi da hirar tsofaffi? Na fita waje na kira Oga Kabiru, sai da na hau tudun bayan aji kafin na sami sabis. Ya saurare ni ya ce, "Nasiru, umarnin nan ba ya taɓa fayil, ka fi kowa sani. Dattijon ya manta ne. Gobe kana da makarantu biyu, kuma ba za mu koma can ba sai sabon zango. Ka rubuta rahoto ka taho." Sabon zango kuwa Malam ya riga ya tafi, an goge injin.

Da na dawo, shugaban makarantar ya tare ni a baranda, ya rage murya ya ce, "Kada ka matsa masa. Tun da ya yi jinyar hawan jini bara, wani lokaci abu yana kuɓuce masa." Abin da bai sani ba, tagar ɗakin a buɗe take. Da muka shiga na ga Malam Sa'idu ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Ya dube ni ya ce, "Ko dai na manta ɗin ne?" Sannan ya ce da kansa, "A'a. Wannan ba abin da zan manta ba ne."

Wallahi a lokacin nan tsoro ya kama ni, ba na aikina kaɗai ba. Na ga dattijo yana shirin yarda cewa hankalinsa ne ya taɓu, alhali ya faɗa mini da safen nan ya buɗe ma'ajiyar lafiya kafin in iso. Tsakanin safe da yanzu ba abin da ya shiga injin nan sai hannuna. Na zauna na bi duk abin da muka cire, ina karantawa ina sake karantawa, ban ga abin da ya haɗa wasan kati ko ƙamus ɗin wani harshe da kulle ba. Aka kira azahar muka tafi masallaci, ni dai Allah ne kaɗai ya san abin da na karanta a sallar nan.

Da muka dawo na sauke murya, don na ga faɗa ba zai fisshe ni ba. Na ce, "Baba Malam, ba sai na gani ba. Zan buɗe maka farar takarda a injin, inda abin da ka buga zai fito a fili ba ɗigo ba. Ni da shugaba za mu fita. Ka buga yadda ka saba, ka duba da idonka, ka goge, sannan ka kira mu."

Ya ce, "Wannan zan iya."

Muka fita muka tsaya cirko-cirko a baranda. Ba a jima ba ya leƙo, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Injin nan ya cinye mini baƙi ɗaya. Inda nake danna ƙ, wata 'yar alama yake fitarwa."

Na ce, "Wane k?"

Ya ce, "Mai ƙugiya. Na ƙasa da ƙarfe."

Nan take na gane. Cikin abin da muka cire akwai ƙunshin tsarin kibod na harsuna, muka bar na Turanci kaɗai. Mun gan shi da jerin sunayen ƙasashe, muka ce kayan mutanen waje ne. Hausa tana ciki. Ni da Oga duk Hausawa ne, amma a waya da kwamfuta mun saba rubuta kasa a madadin ƙasa, mai karatu ya gane da kansa, har mun manta akwai masu buga ƙugiyar. Ɗan bautar ƙasan nan ya saita wa Malam wani maɓalli a gefen dama yana ba shi ƙ. Da tsarin ya tafi, maɓallin ya koma aikinsa na asali, kuma tunda ɗigo kawai ake gani a akwatin, ba wanda ya lura. Gwajin da na yi daga A zuwa Z ba zai taɓa nuna mini ba.

Saura mayar da ƙunshin, shi ma sai da ya ja mini rai. Ba ya cikin filashina, sabis ɗin makarantar kuma ba zai sauke ko hoto ba. Na hau babur na koma cikin Ajingi, hadari yana haɗuwa a gabas, na tsaya a gindin wata bishiya kusa da kasuwa na sauke shi a wayata. Duk hanyar dawowa ina ta saƙe-saƙe: in na mayar kuma ta ƙi fa? In ba irin tsarin da yaron ya saka masa ba ne fa? Na iso yayyafi ya fara, na mayar da ƙunshin, na zaɓi Hausa, na juya masa injin, na kau da kaina.

Na ji ƙarar yatsansa a hankali. Sai ga muryar wani tsoho ta cika ɗakin, yana tari yana cewa a zamaninsu shanu ta bayan rijiyar nan suke bi. Shugaban makaranta ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa na nemi benci na zauna. Kafin in bar wurin sai da na kwafe masa ma'ajiyar a filashi biyu, na kuma nuna masa yadda zai sami ƙ a duk injin da ya je.

Ya rako ni har bakin babur. Na ce, "Baba Malam, ka yafe ni, ɗazu raina ya ɓaci, na ɗauka ba ka yarda da ni ba ne."

Ya ce, "Ba haka ba ne, ɗana. Sunan 'yar farina ce. Ka san mu da kunyar ɗan fari. Yau tana da 'ya'ya biyar a Kademi, bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ban kuma taɓa rubuta shi a gaban wani ba." Ya gyara hularsa, yana kallon ƙasa. "Da yaron nan ya ce in zaɓi kalmar da ba zan manta ba, ita ta zo mini. A nan kaɗai nake kiranta, kullum da safe. Ba zan kira ta da baƙin da ba nata ba."

Sunayen mata masu ƙ ba su da yawa, da na so da na canka, amma ban yi ba, kuma har yau ban sani ba.

Washegari na faɗa wa Oga Kabiru. Bai yi musu ba, ya ce a mayar da tsarin Hausa a duk injinan da muka taɓa, har da na Larabci, aka kuma gyara ƙa'idar. Shi ya sa kuke ganin ba ma cire ƙunshi sai mun zauna kusa da mai injin mun ga yadda yake aiki da hannunsa. Tambaya ba ta isa ba, domin mutanenmu suna da abin da ba za su faɗa maka ba ko za su yi asararsa, ba don ƙiyayya ba. In kuka ga dattijo ya ƙi ba ku kalmar sirrinsa, kada ku ce ya manta, kada ku ce taurin kai ne. Ku buɗe masa farar takarda, ku fita ku ja masa ƙofa.