Ranar da rago ya shiga tsakanina da suruki

Abin nan da zan faɗa ba gatana ba ce, da ni anka yi. Jikanyata ta haihu can garin Barmu, haihuwar fari, ni kuwa na yi alkawalin ragon suna, wanda na kiwata da hannuna nan Tawa. Mata sun riga mu tahiya. Ran suna da sassahe anka bar ni da rago da surukina, mijin ɗiyata ta fari, mai tsohuwar mota buɗaɗɗar baya.

To, mu nan, tun da ya auri ɗiyata ba mu taɓa haɗa ido ba. In ya zo gaisuwa, daga bayan zana yake durƙusawa, a amsa mishi da bakin wani. Don haka na ƙi gaban mota, na shimfiɗa tabarmata baya kusa da rago.

Mun bar gari, mun shiga hanyar duwatsu, sai mota ta soma tari. Ta yi rawar jiki, ta yi tusa kamar bindiga, ta ja ƙafa, ta mutu. Ba kowa, sai ƙaya da rana mai tasowa. Can kuwa malamai na zaune bisa tabarmi, kuma ba a raɗa suna babu yanka.

Suruki ya buɗe bakin mota, ya kwance wasu abubuwa masu farin kai, tsawon yatsa, buji sunansu, su ke ba man mota wuta. Ya hura, ya kankare, ya daɗe riƙe da guda wadda ta yi baƙi ƙirin. Sannan ya zagayo, ya tsaya gaban rago, kanshi ƙasa.

"Rago," in ji shi, "ina son in ga ko wagga na ba da wuta. Da da mai murɗa makulli, da mun tahi."

Na gyara lulluɓi. "Rago, tambaye shi, wane gehe ake murɗawa?"

"Rago, dama. In an ce a saki, a saki."

Na sauko, na hau kujerar direba da bisimilla. Ban jira an ce komi ba, na murɗa da ƙarhin mai daka. Ashe yana riƙe da wayar buji. Wuta ta cije shi, ya yi tsalle, babban mutum mai hurhura ya ce, "Wayyo inna!"

Na dubi sama, na yi kamar ban ji ba.

"Rago," in ji shi, "don Allah a jira."

"Rago, ce mishi sannu."

Munka sake. Baƙar buji ba ta ba da ko ƙyas ba. Ya zazzage wani gwangwanin madara cike da tarkace, ya samo wata tsohuwa, ya ɗaura. Na murɗa, mota ta ɗauka, muryarta sumul. Rago ya yi kuka, mu duka biyu munka ce alhamdu lillahi, kowa na duban wani wuri.

Mun iske liman ya sa takalmi guda zai tashi. Anka sauke rago, anka yanka, anka raɗa wa jinjira suna, mata sunka yi guɗa. Ɗiyata ta ce, "Inna, ya kunka yi da hanya, ku biyu?" Na ce lahiya lau, ba wanda ya yi wa wani magana. Ta kawo mini nama, na ci, amma hantar ban iya ba, don ta ragon da ya yi muna ɗan aike ce.