Zaren da Na Auna Kan Jikana

Shekarun baya, farkon ƙaddamar da shari'a a Kano, lokacin da komai ya yi tsada, 'yata ta dawo gidana a wani ƙauye kusa da Kara goyon ciki. Cikinta na fari ne. Mahaifiyarta ta raka ta awo Gwarzo, aka yi mata hoton ciki, suka dawo uwar tana huci. Wai likita ta ce ɗan da ke cikin yana da girman kai, bai ma zo duniya ba an fara zaginsa.

Na karɓi takardar. Na zauna Kumasi da Khartum, ina karanta Turanci, sai na gane girman ƙoƙon kai ake nufi. An ba da shawara ta haihu a asibiti, wataƙila a yi mata aiki. Nan zargina ya tashi. Na ga irin na'urar hoton cikin a Jidda, amma ta Gwarzo tsohuwa ce, hotonta kamar hayaƙi. Na ɗauka so suke su koyi yanka da 'yata. Abokina liman ma ya ce abin da ke cikin mahaifa sai Allah.

Na je na sami likitar da wannan magana. Ta ce, "Baba, ba gaibu na duba ba, ƙashi na auna." Na sa ta rubuta min yadda kewayen kan zai kai ranar haihuwa, na kai wa tela ya yanka min zare daidai awon, na sa a aljihu. Gaskiya ban yarda a kai 'yata asibiti don na gamsu ba, sai don in kama likita da ƙarya.

Naƙuda ta yi tsawo, kai ya ƙi saukowa, aka yi aikin. Da aka miƙo min jariri na yi masa huɗuba, sai na zaro zarena na kewaya kansa. Bakin zaren bai haɗu ba, saura kamar faɗin farce. Na ce wa likitar ta yi kuskure.

Ta dubi kaina, ta ce, "Baba, hularka a kasuwa kake samunta?"

Ban taɓa samu ba, sai dai in ba da ɗinki.

Har yau ina da saurin zargi, ban warke ba. Amma duk sanda na buɗe akwati na ga zaren nan, sai in tuna cewa da a gida aka bar 'yata ta haihu, ba na jin za ta tashi. Girman kan da ya kusa kashe ta nawa ne.