Yashin Teku a Fuskar Ghita

Bindo mai yaɓe maƙwabcina ne, shekara talatin muna cin burodi da albasa a dakali ɗaya. Taurin kai gare shi kamar jaki, amma hannunsa ba ya ƙarya. Aikinsa a ɗakin addu'a na babbar majami'armu shi ne ya shafa farar ƙasa da yashi a bango kowace safiya, daidai abin da mai zane zai gama kafin shafen ya bushe. A ɗanye ake sa launi, in ya bushe kuma ba gyara.

Shekarar da zazzaɓi ya ɗauke matarsa Ghita, maigida Lapo mai zane ya tausaya masa. Ya ce zai sa fuskarta cikin matan da ke kuka a gindin gicciye, tun kamanninta ba su gushe masa ba. Sai ga ambaliya ta hana amalanken yashin kogi isowa, Lapo kuwa ranar Litinin zai bar gari. Bindo ya ce zai ɗebo yashin teku ya yi yaɓen da shi.

Na ce, "Bindo, haƙura. Ka san halin yashin teku, gishiri gare shi."

"Ji mai kaɗa ƙararrawa zai koya mini yaɓe. Zan wanke shi, malam sarkin sani."

Ya wanke sau uku, ya shafa. Fuskar ta fito har da ɗan karkacewar bakinta in za ta yi masa faɗa. Shekara shida kullum sai ya je ya gaishe ta.

A damina ta bakwai gishiri ya fara tsatsowa daga bangon, fari kamar gari. Ya ci haɓa, ya ci kunci. In Bindo ya goge da hannun riga, launin ne ke biyowa. Sauran matan suna nan garau, ita kaɗai ke tafiya, Lapo kuma ya riga mu gidan gaskiya. Daga bisani limamai suka ce a kankare wurin a shafe, kuma duk garin ba wani mai yaɓe sai shi. Har yau ina jin haushinsu.

Da ya gama ya sauko daga tsani, ya zauna kusa da ni, hannunsa fari fat.

"Nencio, don Allah, idonta wane launi ne?"

Na buɗe baki, sai na tarar ni ma na manta.