Sunayen da Mis Odessa ta mayar

Shekara talatin da ɗaya Odessa Mabry ta yi tana wanke rigunan 'yan ƙwallon Amurka na Kwalejin Tolliver, a garinmu da ke jihar Alabama. Ni ina ɗakin girkin kwalejin, ita tana ɗakin wanki a ƙarƙashin filin wasa, kuma coci ɗaya muke zuwa. Gajeriya ce, ba ta barin ko ta kwana. Mijinta Clovis ya rasu a injin yankan katako, ita kaɗai ta ɗauki nauyin 'ya'ya uku. Ban da wanki, ita ke ɗinka sunan kowane ɗan wasa a bayan rigarsa da keken da ta zo da shi daga gida.

A 1998 aka kawo sabon koci, Harlan Stroud, mai ƙaton wuya da tauna taba. Wasa biyar na farko duk aka cinye mu. A na shida baƙi suka zo har gida suka yi mana arba'in da biyu da nema. Masu gasa nama a bakin fili tun safe suka kwashe kayansu kafin hutun rabin lokaci.

Ranar Litinin Stroud ya sauko ɗakin wanki. Ina wurin, na kai mata shayi mai ƙanƙara.

Ya ce, "Mis Odessa, ki warware min sunayen nan kaf. Ragwaye ba su isa su goya sunan ubansu ba."

Ta ce, "Koci, Tavares ɗin da kake zagi da karyayyen yatsa ya buga ranar Asabar. Ni na wanke jinin. Kai me ka karya, allon rubutunka?"

"Aikinki wanki ne, madam."

"To naka fa? Wata biyu muna jiran mu gani."

Amma ta warware. Riga saba'in da huɗu, tana ja da reza tana huci, ko shayin ba ta sha ba. Aka sake cinye mu sau huɗu a jere.

Bayan wasa na goma wata tsohuwa ta tare ta a ƙofa, kakar Tavares ce, ta yi tafiyar awa huɗu a mota. Ta ce, "Baiwar Allah, an ce ke ce mai ɗinki. Kaf zuri'armu ba wanda ya taɓa shiga kwaleji sai shi. Sunanmu na zo gani a bayansa. Ina yake?"

Ranar Laraba Odessa ta kulle kanta a ɗakin wanki, kwana uku keken na ƙara daga safe zuwa yamma. Da 'yan wasa suka shigo ranar Asabar, wasan ƙarshe, kowa ya tarar da sunansa. Stroud ya yi ta ihu har jijiyar wuyansa ta tashi. Kyaftin ɗinsu, Lamont Tibbs, ya ɗaura hular kwanonsa ya ce, "Koci, in kana so, zo ka cire rigar daga jikina."

Aka ci mu talatin da ɗaya da goma. Wasa goma sha ɗaya, ba nasara ko ɗaya.

Ranar Litinin aka miƙa wa Odessa takardar sallama, wai ta ƙi bin umarni. Bayan sati biyu aka kori Stroud shi ma, amma shi da liyafar ban kwana, kuma ni aka sa na soya kajin. Har gobe ina jin haushin kaina. Ba wanda ya kira Odessa ta dawo. Wankin ma wani kamfani a birni aka ba.

Yanzu rigunan mawaƙan coci take ɗinkawa, tana faɗa da fasto kan launi. Bara kwalejin ta aiko mata da katin gayyata, wai za a karrama tsofaffin ma'aikata a fili. Ta karanta ta miƙo min, ta ce, "Ke Lurleen, duba nan. Ko sunana ba su rubuta daidai ba. Ki gaya musu ƙafata na ciwo."