Batirin Rediyon Baba

Ɗazu na ga motar wasan yara mai rimot a shago, sai na tuna tawa mai batir ta ƙuruciya a Boɗinga, wadda yashi yake hana ta tafiya.

Zamanin ostariti ne, lokacin tsuke bakin aljihu, an sallami Baba daga aikin direba. Ya yanka mata manyan tayoyi daga tsohon silifa, ya ƙera mata bodin gwangwani irin na motar da aka karɓe masa. Batir ya ɓace a kasuwa, sai ya ciro na rediyonsa.

"Baba, labarai fa?"

"Mi za ni ji, in ba tsadar hatsi ba? Tuƙa mu gani."

Ta haye yashin. Ina ihun murna, shi kuwa ya juya yana share ido. Bai sake riƙe sitiyari ba har ya rasu.

Ku sa shi a addu'a. Ku me naku mahaifin ya haƙura da shi dominku?