Agogon da Aka Girgiza

Shekara ashirin da shida Mai-Agogo ya yi a rumfarsa ta gefen tasha, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya girgiza agogo. Wasu masu gyara sukan kaɗa mataccen agogo ya ɗan yi tafiya, su miƙa wa mai shi, kafin ya kai gida ya tsaya. Shi kuwa sai ya ce, "Wannan ya mutu, yallaɓai. Kada ka wahalar da kanka."

'Yarsa ɗaya ce, yana kiranta Minti saboda ƙanƙantarta. Ta rasu tana da shekara shida. Yau shekara tara ke nan, matarsa ba ta daina ce masa Baban Minti ba, kuma ciki bai sake zuwa ba. Gwaji ya nuna ƙwayoyin maniyyinsa suna nan, amma ba sa motsi.

Likita ta ce za a zuba musu wani magani mai zaburar da su a ɗakin gwaji, in sun motsa a sa su a mahaifar matar. Sau uku ana yi, ba a dace ba. Da shekarun matar, in ji ta, wannan ne na ƙarshe.

Ranar da za a yi na ƙarshen, ya roƙi mai gwajin ya bar shi ya leƙa madubin da ake ganin ƙwayoyin da shi.

"Baba, wannan fa ba agogo ba ne."

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake kallon ƙananan abubuwa da ido ɗaya. Matsa."

Ya leƙa. Yawancinsu kwance suke. Can gefe wasu 'yan kaɗan suna kaɗa wutsiya, suna ja da ƙyar.

"Kafin ka zuba maganin, haka suke?"

"Ko ɗaya ba ya tafiya."

"Zuwa yaushe za su yi ta motsin?"

Mai gwajin ya sosa ƙeya. "Ba zan yi maka alkawari ba."

Mai-Agogo ya gane abin da yake kallo. Ba gyara ba ne, girgizawa ce. Ya ɗago kai daga madubin.

"To yi sauri, don Allah. Kai su kafin su tsaya."

A baranda matarsa tana zaune cikin rigar asibiti, ta haɗa gwiwoyi.

"Baban Minti, yaya ka gani?"

Ya dubi agogon bango, ya dube ta.

"Suna tafiya," ya ce. "Tashi mu je."