Ranar da Cikina Ya Yi Mini Cinikin Albasa

Abubuwa uku na jefa cikin haɗari a wata shekara can baya: albasa buhu tamanin da ke jira na a kwarin Badagishiri, hanjina da likita ya rage wa taƙi biyu, da sunan da na yi na mutumin da ba a kayar da shi a ciniki. Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, abin da ya sami waɗannan ukun zai rage.

A lokacin ina da shekara talatin da ƴan kai, ina sarin albasa ina kawowa Konni, ƴan Nijeriya su ɗauka daga hannuna. Ban gaji sana'ar ba. Da dako na fara a tasha, kuma dakon ne ya bar mini gwaiwa. Na yi shekaru ina ɗaure ta da ƙyalle ina harkata, sai wata rana ta shaƙe mini hanji, aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti. Da na farfaɗo aka ce an yanke wurin da ya mutu, an ɗinke sauran.

Ranar sallama likitan ya zaunar da ni. Ya ba ni kafso na kwana biyar, ya ce in sun ƙare in tsaya. Ya ce wanda aka taɓa wa hanji cuta ba ta shan wuyar shiga cikinsa, saboda haka ruwa sai tafasasshe, hannu sai da sabulu, in kuwa na ga zawo in dawo ranar. Sannan ya ce wata biyu ban da tafiya.

Wata biyu! Saura mako uku a fara cire albasa. Na kwanta na yi tunani irin na ɗan kasuwa: in kafso ɗaya zai warkar da ni a wata biyu, ai biyu za su rage lokacin. Na lallaɓa wurin wani mai sayar da magani a tebur a bakin tasha.

"Wanga ja-da-rawaya ne," in ji shi. "Wanga kau ƙane nai ne, amma ya hi shi zahi."

"Wanne ya fi kashe cuta?"

"Haɗa su, Alhaji."

Ban je Makka ba a lokacin, amma na ji daɗin sunan, na kwashi leda guda a farashin sari. Matata ta gan ni ina watsa su baki kamar gyaɗa, ta ce, "Malam, ba kwana biyar likita ya ce ba?" Na ce likita bai san lokacin albasa ba. Mako uku ina sha. Cikina ya fara ƙugi, na ce magani ne ke aiki. Zawo ya fara, na ƙara kafso.

Sai in gaya muku yadda nake ciniki a zamanin. Makamina ɗaya ne, tashi. Zan taya, mai kaya ya ce albarka, in ƙara kaɗan, ya sake cewa albarka, sai in miƙe in kakkaɓe riga in kama hanya ba waiwaye. Duk kwarin an san in ɗan Konni ya tashi ba ya dawowa sai an kira shi, kuma kiran ba ya zuwa sai da ragi. Mutum ɗaya ne bai taɓa kira na ba, wani dattijo mai garka a bakin kwari. Albasarsa ta fi ta kowa ajiyuwa, shi kuma ya san haka. Buhu tamanin ɗin nasa ne, na kuma sami labarin wasu masu saye za su iso masa washegari.

Na shiga mota da sassafe. Kafin mu yi rabin hanya na tsayar da direba sau biyu. A na uku ya leƙo ta taga ya ce, "In ka sake sauka, sai mai gonag ga ya biya ka kuɗin taki." Fasinjoji suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe.

Na tarar da dattijon a gindin mangwaro, albasa jibge a gefensa. Muka gaisa, ya yi mini barka da tashi daga ciwo, muka shiga ciniki. Na taya, ya ce albarka. Ina buɗe baki zan ƙara, sai cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Na miƙe, na nufi bayan dannin garka da sauri.

"Kai, ɗan Konni! Tun yanzu? Dawo mu yi magana!"

Na dawo ina gumi, fuska a ɗaure, haƙora a cije. Ya dube ni ya ce, "Yau da hushi ka taho." Ya rage kaɗan. Ban gama zama ba abin ya sake taso mini, na sake miƙewa. Ya sake kira, ya sake ragewa. Zan faɗi gaskiya tun da shekaru sun ja: tashin farko kunya ce ta hana ni gaya wa sa'an ubana abin da ke kai ni bayan danni, amma daga na biyu na gane abin da ke faruwa, na kuwa ja bakina na yi shiru. A tashi na uku ya sauko inda ban taɓa mafarkin zai sauko ba. Yana ta faɗin, "Wane irin aiki anka yi maka a asibiti? Zuciya sunka cire?"

A na huɗu ban kai dannin ba. Garkar ta juya mini, ina jin muryarsa daga nesa yana cewa, "To, na sallama! Na sallama ma!" Na zube cikin kwamin albasa. Da ya iso kaina bai buƙaci bayani ba, hancinsa ya gaya masa komai. Ya yi salati ya ce, "Ashe ba hushi ba ne, gudawa ce!" Shi ya ɗora ni a amalanken jaki har bakin hanya, ya tare mota, ya raka ni asibiti.

Likitan ya sami ledar kafson a aljihuna. Ya baje su a tebur kamar mai shirin buɗe shago, ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce a cikin kowane mutum akwai ƙananan halittu na gida masu tsare hanji, ni kuma na bi su da kafso na karkashe. Wata muguwa da kafson ba ya kashewa ta tarar da wuri ba kowa, ga hanji bai gama warkewa ba, ta baje kayanta. Ya ce da na ƙara kwana biyu, ɗinkin ma ba lalle ya riƙe ba. Kwana ashirin na yi ana mini ƙarin ruwa, a ɗaki ni kaɗai, da bokitina na kaina. Matata ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya. Kullum dai in ta shigo sai ta tambaye ni ko likita ya san lokacin albasa yanzu.

Da na iya tsayuwa na koma wurin dattijon. Na tarar ya adana mini albasar a rudu, rumbun ajiyar albasa, ko buhu ɗaya bai sayar wa kowa ba. Na ce, "Baba, a mayar da ciniki inda yake kafin tashina na biyu, don na cuce ka." Ya ce abin da ya sallama ba ya tayar da shi. Na yi mamakin yadda yake ta murmushi, ban san ya riga ya karɓi haƙƙinsa ta wata hanya ba.

Shekara ta zagayo, na zauna ciniki da wani manomi a can ƙarshen kwari. Ya ce albarka, na miƙe na kakkaɓe riga na kama hanya. Ban yi taku biyar ba na ji ya ce, "Ku ba shi buta, yanzu zai dawo." Garkar duka ta kwashe da dariya. Babu wanda dattijon bai ba labarin ba. Daga ranar ban sake tashi a ciniki wani ya kira ni ba.

Ribar albasar ta tafi a asibiti, har na cika daga aljihu. Makamin da na yi shekara goma ina ci da shi ya mutu, dole na koyi zama in yi ciniki da baki kamar kowa. Abin da na tsira da shi hanjina ne, wanda har yau yake aiki, da sanin cewa magani ba haja ba ne da za ka ƙara don ka same shi da araha, kuma zawo a cikin da aka yi wa aiki ba abin ɓoyewa ba ne. In aka haɗa duka, na ci riba, amma da ƙyar.